Yadda Ake Rubuta wa Yara Labarin Tarihi Mai Jarumi Maraya

Tun da na fara karanta wa ɗalibaina na ƙaramar sakandare gajerun labaran da nake rubutawa a kan tarihin ƙasar Sakkwato, abokan aiki suke ta tambayata yadda ake haɗa irin wannan labari, musamman wanda jaruminsa maraya ne, domin sun lura cewa shi ne yara suka fi nutsuwa su saurara. Wasu sun gwada sun tsaya a shafi na uku, wasu kuma sun kammala amma abin ya fito kamar darasin tarihi da aka liƙa wa sunan yaro. Ga matakan da nake bi, bisa jerin da na ga ya fi sauƙaƙa aiki. Zan riƙa misali da labari guda tun daga farko har ƙarshe, wato labarin wani yaro ɗan shekara 11, ɗan gidan dukawa, wanda mahaifinsa ya rasu ranar da Turawa suka ci Sakkwato.

1. Tsayar da masu karatu da tsawon labari

Kafin ka rubuta kalma ɗaya, ka san ajin da kake rubuta wa. Abin da ke cikin wannan jagora ya dace da yara daga shekara 10 zuwa 14, wato daga aji biyar na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Ga irin waɗannan, kalmomi 6,000 sun wadatar, a raba su babi goma, kowane babi kimanin kalmomi 600, yadda za a iya karanta babi ɗaya da babbar murya a cikin minti bakwai ko takwas, a samu sauran lokacin darasi don tattaunawa. Shekarun jarumin su yi daidai da na masu karatu, ko ya girme su da shekara ɗaya, domin yaro ya fi son bin sawun wanda ya ɗan ɗara shi.

2. Zaɓi shekara ɗaya da wuri ɗaya

A nan ne yawancin masu farawa suke yin tuntuɓe. Sai mutum ya ce zai rubuta labari "a zamanin jihadi", alhali tsakanin hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804 da faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808 akwai shekaru huɗu masu cike da ƙaura da yunwa da yaƙe-yaƙe, kuma yaron da ya ga yaƙin Tabkin Kwatto ba rayuwa ɗaya ya yi da wanda ya ga ana gina ganuwar Sakkwato bayan 1809 ba. Ka ɗauki shekara ɗaya, in da hali ma 'yan watanni, ka kuma ɗauki gari ɗaya ko hanya ɗaya.

Tarihinmu yana da lokuta da dama da suka bar marayu masu yawa, kuma kowannensu zai ɗauki labari. Akwai yaƙin Tsuntsuwa a ƙarshen 1804, inda jama'ar Shehu suka yi asarar malamai da mahaddata Alƙur'ani masu yawa. Akwai zuwan Turawa a 1903, da boren da mutanen Satiru suka yi wa Turawa a 1906, da yunwar Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914. Wanda yake son lokacin da shaidunsa suke da rai har yanzu, sai ya ɗauki farin 1973, domin akwai dattawa a kowace unguwa da za su ba shi labarinsa da bakinsu.

Ni na ɗauki ranar Lahadi 15 ga Maris 1903, ranar da aka gwabza tsakanin Turawa da dakarun Sarkin Musulmi a filin Giginya, da makonni uku da suka biyo baya. Da zarar ka tsayar da rana, sai ka juya ta zuwa lissafin Hijira, domin da shi mutanen labarinka suke ƙidaya, ba da watannin Turawa ba. Ranar nan ta faɗo a tsakiyar watan Zulhajji na 1320, wato kwanaki kaɗan bayan Babbar Salla. Wannan ɗan lissafi shi kaɗai ya ba ni rabin labarin: gari yana cike da fatun layya, majema suna cikin aiki ba dare ba rana, ana tsakiyar zafin bazara, rijiyoyi sun ja baya, kuma babu ɗigon ruwan sama.

Gargaɗi: kada ka sa hadari ko shuka ko ɗanyar ciyawa a labarin da ke faruwa a watan Maris don kawai kana son yanayi mai ban tausayi. Yaran karkara za su gane kuskuren tun kafin ka kai ƙarshen jimla.

3. Tattara abin da za ka dogara da shi

Kayan aikin ba su da yawa: littafin rubutu mai kauri guda biyu, ɗaya na bincike ɗaya na labari, da waya mai ɗaukar murya da hoto, da taswirar jihar. Kada ka haɗa bincike da labari a littafi ɗaya, domin bayan wata biyu ba za ka iya rarrabe abin da ka karanta da abin da ka ƙago ba.

Fara da karatu. Idan zamanin jihadi ka zaɓa, Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙat na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo su ne shaidar waɗanda aka yi abin a gabansu, sannan Waƙar Gewaye ta Nana Asma'u tana bin zangon jama'a ɗaya bayan ɗaya, abin da zai taimaka maka ƙwarai wajen tsara tafiyar jaruminka. Daga nan sai ka nufi Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a nan cikin garin Sakkwato, inda ake adana rubuce-rubucen Larabci da na ajami da kayan tarihi. Ka tafi da takardar gabatarwa daga shugaban makarantarku, ka kuma tafi da tambayoyi a rubuce, domin ma'aikacin da ka ce wa "ina son tarihin Sakkwato" ba zai san ta inda zai fara taimakonka ba, amma wanda ka tambaya ta wace ƙofa aka fi fita zuwa gabas zai ɗauko maka abin da kake nema. Ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da kundayen ɗalibai a kan sana'o'i da unguwanni, waɗanda sau da yawa sun fi manyan littattafai amfani ga marubucin labari. Takardun zamanin Turawa kuwa, mafi yawansu suna Kaduna, a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Arewa House, amma ga ɗan littafin yara ba lallai ba ne ka kai can.

Bayan karatu sai zuwa wurin, domin gani ya kori ji. Na yi yini biyu a shiyyar Maɗunka ina zaune kusa da wani dattijo baduku, ina kallon yadda yake shimfiɗa jar fatar akuya a kan allon yanka, ya danne ta da tafin hannunsa na hagu, ya ja wuƙa sau ɗaya ba tare da ya auna ba. Shi ya nuna mini bagaruwar da ake jima da ita, da karan dafin da ke ba fata jan launi, da kulokon da ake yin baƙin zane da shi. Babu littafin da ya gaya mini cewa yatsun mai wannan sana'a ba sa rabuwa da launi ko ya wanke, kuma wannan ne ya zama alamar da jarumina yake tuna mahaifinsa da ita. Haka kuma na taka da ƙafa daga Hubbaren Shehu zuwa wuraren da tsofaffin ƙofofin gari suke, irin su Ƙofar Rini da Ƙofar Marke da Ƙofar Taramniya, ina duba agogo, don in san tsawon lokacin da yaro zai ɗauka yana gudu.

Gargaɗi game da hira da dattawa: ka nemi izini kafin ka kunna na'urar ɗaukar murya, ka tafi da goro ko ɗan abin alheri, kuma kada ka katse su ko da sun kauce daga tambayarka, domin sau da yawa a kaucewar ake samun abin da ya fi tambayar daraja. Sai dai ka riƙe cewa wanda yake ba ka labarin 1903 a yau daga kakansa ya ji, saboda haka ka ɗauki yanayin rayuwa da kalmomi daga bakinsa, amma kwanan wata da sunayen sarakuna ka tabbatar da su a rubuce.

Kuɗin wannan mataki shi ne na mota zuwa wurare irin su Wurno ko Sifawa ko Ɗegel idan labarinka ya kai can, da na ɗaukar hoton takardu, da alherin dattawa. Idan kun haɗu ku biyu ko uku masu sha'awar aikin, ku yi tafiyar tare ku raba.

4. Rubuta takardar "akwai" da "babu"

Ka ɗauki shafi ɗaya ka raba shi biyu. A dama ka jera abin da ke akwai a gidan talaka a shekarar da ka zaɓa, a hagu ka jera abin da babu, ka manna shafin a bangon da kake fuskanta lokacin rubutu. A daftarina na farko na sa gwaggon yaron ta ƙyasta ashana ta dafa shayi da safe, kuma sai da wani dattijo a majalisarmu ya saurari babin ya tambaye ni inda ta samo ashanar, sannan na farga. A 1903 da ƙyastu ake tayar da wuta, ko a ɗebo garwashi daga maƙwabta, kuma karin kumallo koko ne ko fura ko ɗumamen tuwo.

Kuɗi ma wuri ne mai yawan zamewa. A Sakkwato ta 1903 da kuɗin wuri ake ciniki, ana ƙirga shi ɗaruruwa da dubbai. Anini da kwabo da sule sun zo ne bayan Turawa sun zauna, naira kuwa sai 1973. Babu rufin kwano, babu fitilar kananzir a gidan talaka, babu agogon hannu, don haka lokaci da salla da rana ake faɗinsa: hantsi, azahar, la'asar sakaliya, almuru. Tafiya da ƙafa ce ko jaki ko doki ko raƙumi, kuma zango ake ƙirgawa, ba kilomita ba. Jirgin ƙasa bai iso Kano ba sai 1911, bai kai Ƙauran Namoda ba sai 1929, kuma bai taɓa shigowa birnin Sakkwato ba, saboda haka kada jaruminka ya ji kukansa daga Ƙofar Kware.

5. Gina marayan tare da gidan da ya rage masa

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi ne na fi ganin ana yi wa riƙon sakainar kashi. Marubuci yakan kashe iyayen yaro a shafin farko, sannan ya sake shi a duniya shi kaɗai kamar daga sama ya faɗo, ba dangin uwa ba na uba. A ƙasar Hausa ba haka maraici yake ba, ballantana a birnin da aka kafa a kan hukuncin Shari'a. Yaron da mahaifinsa ya rasu yana da baffa da gwaggo da kawu da kakanni, yana da malamin allo, yana da maƙwabta da suke ganin ɗa na kowa ne. Wahalarsa ba ta rashin mutane ba ce, ta sauyin matsayi ce a tsakanin mutanen: jiya shi ne ɗan mai gida, yau shi ne ɗan riƙo, ko agola idan mahaifiyarsa ta sake aure ta tafi da shi.

Saboda haka ka zana bishiyar dangi kafin ka fara rubutu, ka amsa wa kanka tambayoyi huɗu a rubuce. Wa ya rasu, kuma yaushe? A fiƙihu maraya shi ne wanda mahaifinsa ya rasu kafin ya balaga, amma a bakin Hausawa wanda ya rasa uwa ma maraya ne, kuma rayuwar biyun ta bambanta ƙwarai. Wa ke renonsa? A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan Sakkwato suke hukunci da ita, haƙƙin reno yana hannun uwa, bayanta sai kakar wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa, ko da yake a aikace dangin uba sukan karɓi yaro namiji don ya gaji sana'ar gida. Wa ke riƙe da gadonsa? Wannan yana iya zama wasiyyin da uba ya bari ko wanda alƙali ya naɗa, kuma ba lallai ne ya zama mai renon ba. A ƙarshe, me mamacin ya bari wanda ba dukiya ba, kamar bashi ko alkawari ko amana?

Suna ma yana ɗauke da labari. Hausawa suna kiran yaron da aka haifa bayan rasuwar mahaifinsa Audi, suna kiran wanda mahaifiyarsa ta rasu yana jariri Talle, kuma mai karatu Bahaushe zai fahimci halin yaron daga sunan ba tare da an yi masa bayani ba. Amma ka kula, kada ka kira jaruminka Audi sannan ka nuna shi yana tuna hirar da ya yi da mahaifinsa. Haka nan wanda ya riƙe shi ba zai sauya masa sunan uba ba, domin aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta yi umarni a kira 'ya'yan riƙo da sunan iyayensu.

Gargaɗi: ka guji muguwar matar uba da ba ta da wani aiki sai mugunta. Tatsuniyoyinmu na 'yar bora da 'yar mowa sun riga sun cika wannan gurbi, kuma a cikin ajin da kake koyarwa akwai yaran da matan iyayensu ne suke wanke musu tufafi suna ba su abinci. Idan akwai mai ƙuntata wa yaron, ka ba shi dalili irin na mutane. A labarina baffan yaron ba azzalumi ba ne, mutum ne da ya wayi gari da baki tara a gidansa maimakon biyar, ciniki ya tsaya, kuma tsoro ya sa shi faɗa. Kusa da shi kuma na ajiye gwaggo wadda take ɓoye wa yaron dunƙulen fura a cikin ƙwarya, domin yara su ga cewa riƙon maraya da kyautatawa abu ne da aka saba yi, kamar yadda Abdulmuɗɗalibi da Abu Ɗalib suka riƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bayan rasuwar iyayensa.

6. Ba shi abin da yake nema

Maraici hali ne, ba labari ba ne. Idan abin da jaruminka yake yi tun daga babi na ɗaya har na goma shi ne kuka da jiran mai tausayi, ɗalibai za su gaji a babi na uku, marayun cikinsu kuma za su ji cewa haka duniya take kallonsu. Ka ba shi buƙata guda ƙarama, wadda za a iya riƙewa a hannu, wadda kuma tarihin lokacin ne yake hana shi cimma ta.

Mahaifin jarumina ya karɓi kuɗin wani malami don ya ɗinka masa gafaka, wato jakar fata ta ajiye Alƙur'ani, ya gama ta ana gobe yaƙi, bai samu ya miƙa ba. Malamin yana cikin waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya da ya fita ya nufi gabas. Baffa yana son a sayar da gafakar a sayi gero, yaron kuma ya ji ana cewa mamaci ba ya samun sukuni sai an sauke masa bashi. Daga wannan ne kowane babi ya fito: neman wanda ya san hanyar da malamin ya bi, fita ta ƙofar gari a lokacin da mutane suke dawowa a tsorace, haɗuwa da ayari, ƙishirwa, da shawarar komawa ko ci gaba. Ka tsara babi goma ɗin a shafi ɗaya, kowanne da jimla ɗaya mai faɗin abin da yaron ya yi, ba abin da aka yi masa ba. Idan ka sami babi biyu a jere da ba shi ne ya yanke shawara a cikinsu ba, ka gyara tsarin kafin ka fara rubutu.

Gargaɗi: kada ka ƙare da cewa ashe yaron ɗan sarki ne da aka ɓata, ko wani attajiri ya ɗauke shi ya mayar da shi mai dukiya. Kada kuma ka sa ɗan shekara 11 ya taka har Burmi, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a watan Yuli na 1903, domin wurin yana cikin jihar Gombe ta yau, tafiyar da manya ma suka sha wuya a cikinta. Nawa jarumin ya cim ma malamin a zango na huɗu, ya miƙa amana, ya dawo gidan baffansa, inda aka ba shi wurin zama da basillar mahaifinsa.

7. Manyan mutane, yaƙi da mutuwa

Kada ka sa wa Shehu ko Muhammadu Bello ko Nana Asma'u ko wani Sarkin Musulmi maganar da ka ƙaga a baki. Yara za su haddace ta su ɗauka gaskiya ce, kuma jama'ar garin nan ba za su karɓi wannan daga gare ka ba. Ka bar su a nesa: jarumin ya hango rawani a cikin ƙura, ko ya ji wata jaji, wato jagora a ƙungiyar 'Yan Taru da Nana Asma'u ta kafa don ilimantar da mata, da malfarta a ka, tana rera wa mata waƙar da ta koyo. Idan dole ne su yi magana, ka ɗauko abin da suka rubuta da hannunsu, ka kuma nuna inda ka samo shi.

Wajen yaƙi, ka tuna cewa jikokin ɓangarorin da suka gwabza a zamanin jihadi suna zaune a kan benci ɗaya. A ajina akwai Gobirawa da Kabawa da Fulani da Zamfarawa da Adarawa, kuma labarin da ya mayar da kakannin wasu dodanni zai bi yaran har filin wasa. Ka faɗi abin da ya faru ba tare da ɓoyewa ba, amma ka bar wa kowane ɓangare mutuntakarsa. Haka batun bauta: akwai bayi a Sakkwato ta wancan zamani, kuma labarin da ya share su ya yi wa tarihi ƙarya, sai dai a nuna bawa a matsayin mutum mai suna da tunani, ba kayan ado na gidan sarauta ba.

Mutuwar iyaye kuwa, kada ka nuna ta a fili. Ya isa yaro ya ga an dawo da hular mahaifinsa, ko ya ji mata sun fara salati a cikin gida.

8. Rubutu da harshe

Ka rubuta babi ɗaya a kowane zama, kada ka tsaya gyara sai ka kai ƙarshe. Malami mai cikakken jadawali zai iya gama daftarin farko a cikin mako biyar idan yana yin babi biyu a mako. Bayanin labari ya kasance da daidaitacciyar Hausa, domin ita ake jarrabawa da ita, amma maganar mutane ta ɗan ɗauki ƙamshin Sakkwatanci, gwargwadon yadda yaron Kano ko Zariya zai fahimta:

"Baffa, mi za a yi da gafakar ga da Baba yab bari?"

"Aje ta, ɗana. Mai ita ya bi Sarkin Musulmi, ba mu san inda sunka nufa ba."

Kada yaro ya kira babba da gatsal ɗin sunansa, kada kuma ya yi wa baffansa doguwar muhawara irin ta yaran fim. Tsofaffin kalmomi kamar lifidi da ƙyastu da gafaka su shigo ta hanyar aiki, yadda jimlar za ta bayyana ma'anarsu, kuma kada su wuce uku a babi ɗaya. A ƙarshen littafin ka ware shafi guda ka gaya wa yara dalla-dalla abin da ya faru da gaske da abin da ka ƙaga. Wannan shafi wajibi ne, domin shi ne ke koya musu bambanci tsakanin tarihi da ƙagaggen labari.

9. Gwada shi, amma ka san ajinka tukuna

Mutum uku ya kamata su karanta kafin yara: malamin tarihi, da malamin addini saboda hukunce-hukuncen gado da reno, da wani babba wanda ya tashi a maraya kuma ya yarda ya gaya maka gaskiya. Na ukun nan shi ne ya fi gyara mini rubutu. Shi ya ce mini abin da ya fi yi masa ciwo yana yaro ba yunwa ba ce, a'a, yadda baƙi suke nuna shi suna cewa "wannan ne marayan?"

Kafin ka karanta a aji, ka bincika a asirce ko akwai wanda aka yi wa rasuwa kwanan nan. Na taɓa sakaci da wannan. Ina cikin karanta babin da aka dawo da hula, sai wata yarinya a layin baya ta kifa kanta a kan tebur, ba ta ɗago ba har aka tashi. Daga baya na ji cewa danginta sun taso ne daga gabashin jihar, kuma 'yan bindiga ne suka kashe mahaifinta watanni kaɗan kafin nan. Tun daga ranar nake sanar da aji abin da babi ya ƙunsa tun ana gobe, ina kuma ba kowa damar ya zauna a ɗakin malamai idan ya fi so, ba tare da an tambaye shi dalili ba. Kada ka taɓa nuna wani ɗalibi ka ce ya gaya wa aji yadda maraici yake.

Lokacin karatu ka riƙe fensir, ka sa alama a duk inda surutu ya tashi ko idanu suka koma taga, domin nan ne za ka rage. Inda suka yi tsit kuma, kada ka taɓa shi.

10. Bugawa da lissafin kuɗi

Ka buga rubutun da kanka idan kana iyawa, domin masu shagon buga takardu da yawa suna zubar da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, sai ƙofa ta koma kofa. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa a waya, kuma salon harafi na Andika, wanda aka tsara don masu koyon karatu kuma ake sauke shi kyauta, yana ɗauke da haruffan nan duka. Ka sa girman harafi 14, ka mayar da aikin PDF kafin ka kai shago don kada haruffan su rikiɗe a wata kwamfutar.

Lissafin takarda mai sauƙi ne. Kalmomi 6,000, a kan kimanin 150 a shafi, za su ba ka shafi 40 na rabin takardar A4. Kowace takarda ɗaya idan an naɗe ta biyu tana ba da shafi huɗu, don haka kwafi ɗaya takarda 10 ne, bandir mai takarda 500 kuma zai fitar da kwafi 50. Idan ka ƙara zane da shafin bayani, ka tabbata jimillar shafukan tana rabuwa da huɗu, in ba haka ba za ka biya kuɗin fararen shafuka. Abin da za ka biya shi ne takarda, da bugu, da bango mai kauri, da ɗinki, da ladan mai zane. Bango mai launi shi ne ya fi cin kuɗi, saboda haka zanen ciki ya zama baƙi da fari, guda biyar ko shida, kuma ka ba mai zanen takardarka ta "akwai" da "babu" don kada ya sa wa yaron takalmin roba. Ka tambayi farashi a shago uku a mako guda, ka nemi a buga maka kwafi ɗaya na gwaji ka karanta shi daga bango zuwa bango kafin ka ba da izinin sauran.

Ga amfanin aji, kwafi 25 sun isa ɗalibai 50 su karanta bibbiyu, a riƙa tattara su bayan darasi. Idan kana da niyyar sayarwa a kasuwa, sai ka nemi lambar shaidar littafi, wato ISBN, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, ka kuma jinkirta babban bugu har sai littafin ya yi zango ɗaya a hannun ɗalibai, domin kurakuran da za su tono maka a wannan zangon sun fi sauƙin gyarawa a kwafi 25 fiye da a kwafi 500.